Littafi ɗaya, yabo da suka: me ya raba kan masu karatu game da Norman Rockwell?

Matashin da ke koyon zane a Gusau ko Birnin Kebbi, da zarar hannunsa ya fara faɗawa har yana son fuskar da ya zana ta nuna fara'a ko ɓacin rai, ba zai jima yana lalube a waya ba zai ci karo da sunan Norman Rockwell. Ba'amurke ne, ya rasu tun 1978, amma sunansa bai kwanta ba. Ko a watan Nuwamban 2024 ya sake shiga labarai, lokacin da aka fara gwanjon zane-zanen da ya yi wa ƙungiyar 'yan sikawut ta Amurka domin a tara kuɗin diyyar mutanen da aka ci zarafinsu a ƙungiyar suna yara.

Wanda zanen ya burge, abin da zai nema na gaba shi ne littafi a kan mutumin. To, a nan ne kai ke ɗaurewa. Littafi guda, wani mai karatu ya ce bai taɓa riƙe kamarsa ba, wani ya ce asarar kuɗi ce, na uku ya ce ƙazafi aka yi wa mamaci. A shagunan littattafai na intanet sai ka ga tauraro biyar da tauraro ɗaya sun jeru ƙarƙashin bango ɗaya. Mai dala a aljihu zai iya sayen biyu ko uku ya gwada da kansa. Malamin zane a ƙaramar sakandare a Argungu ko Ƙaura Namoda ba shi da wannan sararin. In ya saya bai dace ba, albashin watan ya ji jiki.

Galibin wannan saɓani ba a kan abu ɗaya ake yinsa ba. Kamar mutum uku ne suka tsaya kan rago ɗaya a kasuwar Talata Mafara: mahauci na laluben ƙugu, mai kiwo na buɗe baki ya ga haƙora, mai layya na duba ido da ƙaho ko akwai aibi. Kowa gaskiyarsa zai faɗa, kuma tayinsu ba zai zo ɗaya ba.

Mai zanen mujalla da mai zanen gidan kallo

A Turai da Amurka an daɗe ana raba masu zane gida biyu. Akwai wanda ke zana abin da ransa ya raya masa, ya kai gidan baje kolin zane, mai so ya saya. Akwai kuma wanda ake bai wa aiki: zanen bangon mujalla, hotunan cikin littafi, kalanda, talla. Shi wannan na biyu yana da edita a kansa, yana da ranar da dole ya miƙa aiki, kuma dole ya bar fili a saman zanen inda sunan mujallar zai zauna. Zanensa ba don a rataya a bango aka yi shi ba, don injin ɗab'i aka yi shi, kuma sai mai wucewa ta gaban teburin 'yan jarida ya fahimci labarin da ke ciki kafin ya ɗauke ido.

Rockwell a gida na biyu ya tsaya, kuma da bakinsa haka yake kiran kansa. An haife shi a birnin New York ranar 3 ga Fabrairun 1894. Yana da shekara 19 ya zama mai kula da zane a mujallar 'yan sikawut. Ranar 20 ga Mayun 1916 zanensa ya fara fitowa a bangon mujallar Saturday Evening Post, yana ɗan shekara 22, ya kuma ci gaba da yi mata aiki tsawon shekara 47, har zuwa 1963. Abin da ya zana a rayuwarsa ya haura 4,000.

Wannan rabe-raben shi ne tushen tsohuwar gardama. A 1939 wani fitaccen mai sharhin zane, Clement Greenberg, ya kawo bangon Post na Rockwell a matsayin misalin zanen kasuwa, wanda ke tauna wa mai kallo ya sa masa a baki, ba ya barinsa ya yi tunani. Shekarun da suka biyo baya kuwa zamanin zanen da ba ya kama da komai ne, na watsa fenti a kan kyalle, irin wanda Jackson Pollock ya yi suna da shi. A idon manyan masana na lokacin, Rockwell gwani ne a hannu amma ba ya cikin sahun da ake yi wa nazari. Talakawan Amurka kuma ba su san da wannan hukunci ba, suna ta yanke bangon mujalla suna mannawa a ɗaki.

Sai daga baya reshe ya juye. A 2001 gidan baje koli na Guggenheim da ke New York, wanda aka sani da zanen zamani, ya baje ayyukansa. A Disambar 2013 aka sayar da zanensa guda a kan dala miliyan 46. Saboda haka shekarar da aka rubuta littafi tana da tasiri a kan muryarsa. Na da can ko dai suna kare shi ko suna ba da haƙuri a madadinsa. Na baya-bayan nan sun ɗauka an gama wannan shari'ar, sun wuce zuwa wasu tambayoyi.

Ba littafi iri ɗaya ake yi wa hukunci ba

Abin da ake kira littafi a kan Rockwell ya kasu. Mafi yawa a kasuwa shi ne kundin zane: ƙaton littafi mai takarda mai sheƙi, hotuna cike da shafi, rubutu kaɗan. Sai tarihin rayuwa, wanda rubutu ne zalla na ɗaruruwan shafuka, da 'yan hotuna a tsakiya, sau da yawa ƙanana, wasu ma baƙi da fari. Irinsa ne Laura Claridge ta fitar a 2001 da Deborah Solomon a 2013. Akwai labarin da shi Rockwell ya ba da na kansa a 1960, wanda ɗansa Thomas ya rubuta daga bakinsa. Akwai kuma kundin ƙididdiga mai juzu'i biyu da Laurie Norton Moffatt ta tattara a 1986, wanda aikinsa jera ayyukan da bayanin kowanne, don masu bincike da dillalan zane.

Kaso mai tsoka na ƙorafin masu karatu daga nan yake fitowa. Mutum ya sayi tarihin rayuwa yana tsammanin hotuna, ya tarar da rubutu, ya ba da tauraro ɗaya. Wani ya sayi kundin zane yana son ya san mutumin, ya tarar da layi biyu a ƙarƙashin kowane hoto, ya ce littafin fanko ne. Dukansu ba su faɗi komai a kan ingancin littafin ba, sun dai faɗi cewa sun shiga shagon da ba nasu ba.

Takarda, launi da ɗinkin tsakiya

Masu zane su suka fi kowa tsanani a nan, kuma suna da hujja. Abu na farko da suke dubawa shi ne daga ina aka ɗauko hoton. Wani littafin daga ainihin zanen fentin aka ɗauki hoto, har kana ganin sawun burushi da kaurin fenti. Wani kuma daga tsohon bangon mujalla aka kwafo, wanda takardarsa ta riga ta yi ja-ja, launinsa ya dushe. Wani lokaci mawallafi ba shi da zaɓi: a 1943 gobara ta cinye ɗakin aikin Rockwell a garin Arlington na jihar Vermont, ta tafi da zane-zane da kayan aiki masu yawa, wasu kuma sun ɓace a hannun kamfanonin da ba su ɗauki ainihin zane da wata daraja ba bayan an gama bugawa.

Akwai kuma ƙorafin da rashin sanin tarihi ke jawowa. Mai karatu ya buɗe shafukan farko ya ga zanen 1916 zuwa 1925 baƙi da ja kawai, ya ce an yi masa ha'inci wajen bugu. Alhali haka mujallar take fitowa a lokacin, da launi biyu. Sai a 1926 ta fara buga bango mai cikakken launi.

Matsalar da ta fi ci wa masu koyon zane tuwo a ƙwarya ita ce ta ɗinkin tsakiya. Zanen da ke da faɗi, in ana son ya fito babba, sai a shimfiɗa shi a kan shafi biyu. Ɗinki ko gam ɗin littafin sai ya haɗiye tsakiyar hoton. In littafin mai kauri ne, ba ya buɗuwa ya kwanta, sai ka danne shi da gwiwar hannu kana leƙen abin da ya shige lungu, in ka matsa da yawa kuma gam ya ɓalle. Wani mawallafin ya guje wa haka ta hanyar ƙanƙanta hoton ya zauna a shafi ɗaya, sai kuma a ce ya yi ƙanƙanta, ba a ganin ƙananan abubuwa. A zanen Rockwell kuwa ƙananan abubuwan su ne labarin.

Ɗauki zanen nan na dala miliyan 46, wanda ya fito a bangon Post a Nuwamban 1951. Wata tsohuwa ce da ƙaramin yaro a gidan abinci mai cunkoso kusa da layin dogo, sun sunkuyar da kai suna addu'a kafin su ci. Samari biyu da suke teburi ɗaya da su sun tsaya suna kallonsu, ɗaya da taba a baki. Ta taga ana hango hayaƙi da farfajiyar jirgin ƙasa, rubutun da ke jikin gilashi kuma a juye yake, don daga ciki muke kallo. Duk ƙarfin zanen yana cikin idon samarin nan: raini ne, mamaki ne, ko kunya? In bugu bai fito ba, fuskokin suka zama dunƙulen launi, babu abin da ya rage sai mutane a gidan abinci. Wanda ya yi ƙorafi a kan wannan, ƙorafinsa a kan hanya yake.

Hatta adadin bangon da ya zana wa Post bai zo ɗaya a littattafai ba: wani ya ce 321, wani 322, wani 323. Daga cikin dalilan akwai batun maimaici, kamar hoton Shugaba Kennedy da aka buga a 1960 aka sake bugawa a Disambar 1963 bayan an kashe shi. Wasu masu karatu na ɗaukar wannan bambanci a matsayin shaidar sakaci, alhali salon ƙirga ne.

Rikicin 2013

Inda saɓanin ya wuce na takarda ya koma na gaske shi ne kan littafin Deborah Solomon. Ta shafe shekaru tana aikinsa, ta samu damar shiga takardun Rockwell, kuma manyan jaridun Amurka da dama sun yaba masa. Hoton da ta fitar na mutum ne mai ciwon damuwa, mai tsananin tsafta da kiyaye ƙa'ida, wanda ya fi samun natsuwa a ɗakin aiki fiye da cikin iyali.

Wani ɓangare na wannan ba wanda ke musunsa. Ya yi aure sau uku: 1916, 1930 da 1961. A 1953 ya kwashe iyalinsa zuwa garin Stockbridge na jihar Massachusetts domin matarsa ta biyu, Mary, ta samu kulawa a wata cibiyar masu larurar ƙwaƙwalwa, shi ma ya riƙa ganin masanin halayyar ɗan Adam Erik Erikson a can. Mary ta rasu a 1959. Mutumin da ya zana wa Amurka gida mai cike da dariya, nasa gidan ya sha jarrabawa.

Abin da ya ta da ƙura shi ne matakin da marubuciyar ta ƙara. Ta dubi yadda ya yawaita zana maza da yara maza, da irin abotarsa da maza, ta yi hasashen cewa akwai wata ɓoyayyiyar sha'awa a zuciyarsa, ko da yake ita da kanta ta rubuta cewa ba ta ga shaidar ya aikata wani abu ba. Iyalansa suka fito fili suka yi tir da littafin, suka ce sun ƙirga kurakurai aƙalla 96 a ciki, kuma an murɗa maganganunsa don su dace da ra'ayin da aka riga aka ƙulla. Ɗansa Thomas da jikarsa Abigail su suka fi tsayawa kan lamarin.

Masu goyon bayan littafin suna cewa aikin marubucin tarihi ba yabon gawa ba ne. Zane ba ya fitowa daga iska. Abin da mutum ya zaɓa ya maimaita shekara arba'in yana faɗin wani abu game da shi, kuma iyali ba su ne alƙalai mafi adalci a kan mahaifinsu ba. Sun ƙara da cewa littafin ya ɗauki Rockwell da muhimmanci a matsayin mai fasaha, abin da masana suka daɗe suna hana shi.

Masu suka kuma suna cewa akwai bayani mafi sauƙi da aka tsallake. Mutumin da ya fara aiki a mujallar yara maza, ya kuma shafe shekaru da dama yana zana kalandar 'yan sikawut, dole yara maza su cika aikinsa. Abin da aka biya shi ya zana ke nan. A wurinsu, jefa tambaya mai nauyi irin wannan sannan a ce babu shaida, bai wanke marubuci ba, don zargin ya riga ya zauna a zuciyar mai karatu, kuma wanda ake magana a kansa ba ya nan balle ya kare kansa.

Idan aka auna, gardamar ta ƙunshi abu biyu da ya kamata a raba. Kuskuren rana ko suna ko wuri abu ne da ake iya tantancewa da takarda. Fassarar abin da ke zuciyar mutum daga zanensa kuwa ba ta tantantuwa, kuma a nan matsayin mai zanen haya ya bambanta da na mai zanen ra'ayin kansa: yawancin abin da ke kan kyallen ya bi ta hannun edita kafin ya fito. Mai karatu da ya tashi inda ake cewa a ambaci mamaci da alheri zai fi karkata ga iyalan, amma wannan karkata ba ta goge shafukan littafin da suka tsaya kan wasiƙu da takardu ba. Mutane da yawa da suka ƙi hasashen sun yarda cewa bayanin yadda zane-zanen suka samu asali yana da amfani.

Shi ma labarin da Rockwell ya ba da na kansa bai tsira ba. Masoyansa na son sa don barkwanci da sauƙin kai. Masu nazari na cewa mutum ne mai iya ba da labari, yana gyara abin da ya faru don ya yi daɗin ji, ya kuma tsallake abin da ke masa ciwo. A cikinsa ne ya amsa cewa yana zana rayuwa ne yadda yake so ta kasance, maganar da kowane ɓangare ke jan ta zuwa gefensa.

Amurkar da ya zana, da wadda ya bari

Suka mafi daɗewa ita ce Rockwell ya zana ƙasar da babu ita: ƙananan garuruwa masu tsafta, kowa fari, kowa ƙoshe. Ana yawan kawo zane huɗun da ya yi a 1943 kan 'yanci huɗu da Shugaba Roosevelt ya ambata a jawabinsa na Janairun 1941, wato 'yancin magana, 'yancin addini, kuɓuta daga talauci da kuɓuta daga tsoro. An zagaya da su ƙasar aka tara sama da dala miliyan 130 na tallafin yaƙi. Na ukun, inda iyali suka kewaye teburi ana ajiye ƙaton gasasshen talotalo, ya ɓata wa wasu rai a Turai, inda yunwar yaƙi ke cin mutane.

Game da rashin baƙaƙen fata, akwai dalilin da ba kowane littafi ke faɗa ba. A wancan zamanin mujallar Post tana da tsarin da bai yarda a nuna baƙar fata ba sai a matsayin mai hidima, kamar ma'aikacin jirgin ƙasa ko mai kawo abinci. Da ya bar ta ya koma mujallar Look, aikin da ya fara fitarwa a Janairun 1964 shi ne na Ruby Bridges, yarinya baƙar fata 'yar shekara shida da jami'an tsaron gwamnatin tarayya suka raka makarantar fararen fata a New Orleans a 1960. Tana sanye da farar riga, riƙe da littattafai da rula. Jami'an huɗu ne, biyu gaba biyu baya, an yanke kawunansu daga saman zanen, don ido ya tsaya kan yarinyar. A bangon da ke bayanta an rubuta zagin launin fata, ga tumatirin da aka jefo ya fashe yana gangarowa. Masu jifar ba su fito ba, domin a inda mai kallo yake tsaye suke. A 2011 an rataya zanen na wani lokaci a Fadar White House zamanin Obama. A 1965 kuma ya zana kisan da aka yi wa mutum uku masu fafutukar 'yancin baƙar fata a Mississippi.

A nan ne irin littafin da mutum ya riƙe ke yanke masa hukunci ba tare da ya sani ba. Kundin da ya tattara bangon Post kaɗai ya tsaya a 1963, don haka babu ko ɗaya daga waɗannan a ciki. Mai wannan littafin da mai littafin da ya kai har ƙarshen rayuwarsa za su yi musu har gari ya waye, kowa da hujjarsa a hannu.

Zane ne ko kwafe?

Tun daga shekarun 1930 Rockwell ya koma aiki da hoton kyamara. Yakan tara maƙwabta, ya sa musu kayan da yake so, ya nuna musu yadda za su buɗe baki ko ɗaga gira, mai ɗaukar hoto ya ɗauka. Sai ya haska hotunan a kan takarda da wata na'ura, ya bi layin da gawayi yana gyarawa, ya tsawaita wuya, ya ƙara girman kunne, ya ɗauko hannu daga wannan hoto da fuska daga wancan, kafin ya taɓa fenti. Shi kansa ya daɗe yana jin nauyin a san yana yin haka. Littafin da Ron Schick ya fitar a 2009 ya jera hotunan kusa da zanen da aka gama, ya kuma raba masu karatu: wasu suka ji an sare musu gwiwa, wasu suka ce yanzu ma suka ga gwanintar, don tazarar da ke tsakanin hoton da zanen ita ce aikin.

Wannan batu ba baƙo ba ne ga mai zanen allon shago a Kantin Daji, ko mai yi wa manyan motoci ado, wanda ake turo wa hoto ta waya a ce ya fitar da shi a bango. Kuma abin da ya ci sana'ar Rockwell shi ke cin tasu. Hoton kyamara da talabijin suka kori zanen hannu daga bangon mujallu, ita kanta Post ta dakatar da fitowa a 1969. Haka bangon littattafan Hausa na kasuwar Kano ya tashi daga zanen hannu ya koma hoto da haɗin kwamfuta, haka kuma injin buga bana ya rage wa masu burushi ciniki.

Abin da ya shafi mai saye a Kebbi da Zamfara

Na farko kuɗi. Waɗannan littattafai da dala ake sayensu, kuma tun da aka saki darajar naira a tsakiyar 2023 komai na waje ya yi tsada. Kundin zane yana da nauyi, kuɗin kawo shi kan iya kamo kuɗin littafin. Don haka ra'ayin da ya fi amfani ga mai saye daga nan shi ne wanda ya faɗi girman shafi, yawan hotuna masu launi, ko an raba su a shafi biyu, da shekarar da littafin ya tsaya. Ra'ayin da ya ce kawai kakata na son Rockwell, ko wanda ya rage tauraro don kwalin ya iso a lanƙwashe, ba ya ƙara masa komai. Kwafin da ke yawo a waya kuma an matse shi, launin da fuskar waya ke nunawa ba shi ne na takarda ba; yana isa a ga tsarin zane, ba ya isa a koyi haɗa launi. Tarihin rayuwar kuma da Ingilishi mai zurfi aka rubuta, abin da zai sa ɗalibi da yawa su fi cin moriyar kundin hotuna.

Na biyu addini. Kusan duk aikin Rockwell zanen mutane ne, kuma malamai sun yi saɓani a kan zanen abu mai rai. Sanannen matsayi a mazhabar Malikiyya shi ne haramcin ya tabbata a kan mutum-mutumi mai inuwa, cikakken halitta, zanen da ke shimfiɗe a takarda ko kyalle kuwa bai kai haramun ba, duk da an ƙi shi a wasu halaye. Wasu malaman kuma sun haramta duka, mai inuwa da marar inuwa, wasu sun yi sassauci inda akwai buƙatar koyarwa. Malamin da zai shiga aji da irin wannan littafi a Gusau ko Jega zai gamu da iyaye masu bin kowane ɓangare. Zai kuma tarar da shafukan Kirsimeti da wasu na suturar da ba ta dace da ajinsa ba, abin da mai sharhi daga Amurka ba zai taɓa ambata ba don bai ga abin ambato a ciki ba.

Na uku haƙƙin mallaka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba aikin zane kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. In aka bi wannan lissafi, wanda ya rasu a 1978 sai ƙarshen 2048. A Amurka lissafin tsofaffin ayyuka daga shekarar bugawa yake farawa, shekara 95, shi ya sa zanensa na farko-farko suka riga suka zama na kowa a can, na shekarun 1940 zuwa sama kuwa ba su zama ba. Wannan ne ma ya sa wasu littattafai masu araha suka cika da ayyukan ƙuruciyarsa kaɗai, mai saye ya buɗe ya nemi sanannun ya rasa. Ɗalibin da ya kwaikwayi zane a littafin aikinsa don koyo daban yake da mai ɗab'in da ya ɗora shi a kalanda ko bangon littafi ya kai kasuwa. Na biyun yana buƙatar izinin masu haƙƙin.